Tambayi Malamin Daji: Katakon Gida da na Kwantena, Wanne Ya Fi Hayaƙi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Baba Malamin Daji. Ina gina gida mai ɗaki uku da falo, gini ya kai linta, saura rufi da silin da ƙofofi. 'Yata da ke karatun muhalli a jami'a ta kafa mini ƙahon zuƙa wai kada in sayi katakon waje, domin jirgin da ya ɗauko shi daga Sin ya cika duniya da hayaƙin da ke ɗumama ta. Shi kuma kafintana cewa yake yi na gida ne ke ƙarar da dazuzzuka. Ni dai kuɗina zan kashe, ina so in san wa ya fi gaskiya.
Magidanci, Rijiyar Zaki, Kano

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa a gama lafiya, a shiga a sa'a. Kowannensu yana da rabonsa na gaskiya, amma rabon kafinta ya fi tsoka, ko da yake ina zaton shi kansa bai taɓa zama ya buga lissafin ba.

Mu fara da jirgin, tunda shi ya tsone wa yarinyar ido. Daga tashoshin gabashin Sin zuwa Apapa, idan jirgi ya zagayo ta ƙasan Afirka ta Kudu, tafiyar ta kusan kilomita 20,000 ce. Jin adadin kaɗai sai mutum ya riƙe baki. To amma jirgin kwantena kaya yake kwasa na fitar hankali, dubban kwantenoni a tashi ɗaya, saboda haka idan aka raba man da ya sha a kan kayan da ya ɗauko, abin da ke faɗa wa tan guda a kowace kilomita yakan tsaya tsakanin giram 10 da 20 na iskar kabon, wato hayaƙin da ke ɗumama duniya. Ɗauki tsakiya, giram 15, ka buga sau 20,000. Kilo 300 ke nan a kan kowane tan na katako. Riƙe wannan a ka, za mu dawo masa.

Sai tirela. Lita ɗaya ta man gas idan ta ƙone tana sakin kusan kilo 2.7 na wannan iska. Legas zuwa Kano kusan kilomita 1,000 ne. Mu ƙaddara tirela ta ɗauko tan 30, ta sha lita 450 a hanya: kilo 40 da 'yan kai a kan kowane tan. Idan ka duba tsufan motocinmu, da ramukan hanya, da yadda direba ke kwana a layi inji na aiki, ka ninka shi biyu ma ban ce ka yi ƙarya ba. Sai dai wannan kuɗin hanya duka biyun ne ke biyan sa. Abin da muke kira na gida a 'Yan Katako ta Na'ibawa, mafi yawansa daga kurmin Ondo da Edo da Ogun da Kuros Riba yake tasowa, a bayan irin wannan tirelar. Ashe a kan tafiya, na gida yana da kilo 40 zuwa 80, na waje kuma 300 a kan haka. Yarinya ta ci zagayen farko.

Zagaye na biyu ma nata ne. Abin da ke shigo mana a kwantena galibi ba tsagin katako ba ne, kayan masana'anta ne: filaiwud, da MDF, da ƙofofin da aka gama. Kafin a sami falle ɗaya na filaiwud sai an fere gungume siriri-siriri, an busar da ferar da zafin tukunyar tururi, an shafa gam, an danne da inji mai zafi. Shi MDF nika itacen ake yi ya koma zare-zare, a kwaɓa shi da gam. Gam ɗin nan daga sinadaran da ake samu a iskar gas ake haɗa shi, wutar da ke juya injinan kuma, a ƙasar Sin fiye da rabinta daga kwal take. Duk wannan yana ƙara ɗaruruwan kilo a kan kowane tan. Namu kuwa injin somil ne da janareta, sai rana da iskar hunturu su busar da shi kyauta. Da a nan lissafi ya tsaya, da na ce ka sayo wa 'yarka tukuici ka tafi Na'ibawa.

Abin da ba a gani a kasuwa shi ne kututture.

Busasshen itace, kusan rabin nauyinsa kabon ne da bishiya ta zuƙo daga iska a tsawon rayuwarta. Tan ɗaya na busasshen katako yana riƙe da abin da ya kai tan 1.8 na iskar kabon. Muddin yana saman ɗakinka, tana ɗaure. Ran da ya ruɓe ko ya ƙone, ta koma sama. Yanzu tambayi kanka, kafin a sami tan ɗayan nan da ya iso Kano, nawa aka bari a daji? Na tsaya a kan masu tsaga gungume da injin sarƙa a cikin kurmi, a daidai inda bishiyar ta faɗi. Bakin sarƙar yana cin kusan santimita guda a kowace tsaga, alhali zarton somil bai fi milimita uku ba. Mai injin yana tsaye cikin dusa har idon sawu. Gefe huɗu na gungumen, masu ɓawo, ture su ake yi. Inda ya lanƙwashe a yanke a bar shi. Inda ya yi kogo a bar shi. Sau da yawa abin da ke fita daga dajin a matsayin falanki bai wuce kashi ɗaya cikin uku na gungumen ba. Idan haka ne, kowane tan da ka saya ya bar tan biyu a baya suna ruɓewa ko suna ci da wuta, wato sama da tan uku da rabi na iskar kabon. Ban sa rassa ba, ban sa saiwa ba, ban sa ƙananan itatuwan da babbar ta murƙushe da ta faɗi ba, ban sa hanyar da aka sare domin mota ta shiga ba.

Ka tuna kilo 300 na jirgi? Ga kilo 3,500 a gabanka, kuma na rage.

Amma fa akwai sharaɗi, kuma a kansa komai ya rataya. Idan wata bishiya ta tsiro a gurbin wadda aka sare ta girma, za ta sake zuƙe abin da aka saki, bashi ya biyu a hankali. Idan kuwa bayan mai inji manomi ne ya biyo hanyar da aka buɗe, ya cinna wuta ya dasa koko ko rogo, to wannan bashi ya zauna. Kuma abin da ya fi yawan faruwa a kurminmu ke nan. Iroko ko madaci da ya yi shekara ɗari yana tsaye, ko an bar gurbinsa ma, jikanka ne zai ga madadinsa. Gwamnatin Kuros Riba ta hana saran itace a 2008, aka ɗage hanin a 2023, kuma duk wanda ke harkar ya san a tsakanin nan katako bai daina fitowa ba.

Shi filaiwud ɗin Sin fa, ina kututturensa? Cibiyar yin sa ita ce birnin Linyi a lardin Shandong, kuma cikinsa galibi daga itatuwan shuka ne masu saurin girma, irin su bishiyar turare, waɗanda ake sarewa a sake dasawa cikin 'yan shekaru. Ɓarbashin da ya rage ba a zubar da shi, shi ne abincin masana'antar MDF da tukunyar tururi. Wannan ne ke rage masa zunubi. Kada dai ka ɗauka waliyyi ne. Sin ta dakatar da saran kasuwanci a dazuzzukanta na asali gaba ɗaya zuwa 2017, sai ta ƙara dogara ga itacen wasu ƙasashe, daga Niyuzilan har Afirka. Jan ɓawon nan mai kyau da ke fuskar wani filaiwud ɗin, sau da yawa itacen okume ne na kurmin Gabon. Ka ga ikon Allah: itace ya tashi daga maƙwabtanmu, ya je Sin, ya dawo Apapa, mu saye shi da dala. Gabon ɗin ma tun 2010 ta hana fitar da gungume ɗanye domin a riƙa sarrafa shi a can. Mu da aka kafa mana masana'antar filaiwud a Sapele tun ƙarshen shekarun 1940, yau ga inda muke. Wannan takaicin na wata rana ne.

Saboda haka ni ba gida biyu nake raba katako ba, uku ne. Mafi sauƙin hayaƙi shi ne na gida da aka shuka: malaina, da tik, da turare. Akwai manyan gonakin malaina a gandun dajin Omo a Ogun da na Oluwa a Ondo, akwai tik a Nimbiya a kudancin Kaduna tun ƙarshen shekarun 1950, akwai turare a Afaka da kan tsaunin Mambila. Duk ukun idan an sare su kututturen tofo yake yi, saiwar tana nan da rai, cikin shekara goma zuwa sha biyar malaina ta sake isa yanka. Na tsakiya shi ne na kwantena da aka yi da itacen shuka. Mafi nauyi, da tazara mai yawa, shi ne na gida da aka kwaso daga tsohon kurmin da ba zai dawo ba.

Yaya za ka gane su a kasuwa? Ka tafi da kafintan, ka sa ya ciro maka tubaifo, wato katako mai inci biyu da huɗu, daga tsakiyar tari, ba na sama da aka jera don ido ba. Malaina fara ce mai ɗan rawaya, ba ta da nauyi, kuma idan ka dubi bakin yankan za ka ga zoben shekarunta da faɗi. Shafa fuskar katakon: na injin sarƙa kaushi gare shi da gurzar haƙora, kaurinsa ma ba ya daidaita daga kai zuwa gindi, na somil sumul yake da siraran layuka a jere. Falanki mai faɗin gaske, ƙafa ɗaya da rabi ko biyu ba haɗi, daga tsohuwar bishiya yake, babu tantama. Ka tambayi dillali daga wane gari lodin ya taso. Ba lallai ya gaya maka gaskiya ba, amma idan masu saye suka yawaita tambaya, kunnensa zai fara saba wa.

Ga abin da zan yi da gidan nawa ne. Katakon rufi, malaina ko turare da ya bushe, a jiƙa shi da maganin gara sosai kafin a ɗora. Firam ɗin ƙofa da ƙofar waje, tik idan aljihu ya yarda. Silin, idan filaiwud kake so, ka sayi na kwantenar ba tare da jin kunyar 'yarka ba, domin 'yan fallayen da za ka sa nauyinsu bai taka kara ya karya ba. Kuma ka sayi katakon tun yanzu, ka jera shi a inuwa da 'yan tsinke a tsakanin kowane layi iska ta ratsa. Ɗanyen katakon kudu ruwa ne cike da shi; idan aka buga shi haka, hunturun farko zai murɗe shi, ƙusa ta saki. Rufin da aka sake bayan shekara goma ya ci daji sau biyu, komai kyawun asalin katakonsa.

TAMBAYA: Baba, ni ɗaliba ce a sashen zanen gine-gine. Yanzu masu kuɗi sun koma rufin ƙarfe, suna cewa sun ceci bishiya. Shin ba shi ne mafita ba?
Ɗaliba, Samaru, Zariya

AMSA: 'Yata, Allah ya ba da sa'ar karatu. Sun ceci bishiya, gaskiya ne, amma ƙarfe ma da kuɗinsa yake zuwa. A matsakaicin lissafin duniya, tan ɗaya na ƙarfe yana sakin kusan tan 1.9 na iskar kabon, domin yawancinsa da kwal ake narka shi daga dutsen tama. Masana'antar ƙarfe da ta siminti kowacce tana ɗauke da wajen kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na iskar kabon da duniya ke fitarwa, alhali duk jiragen ruwan duniya a haɗe ba su wuce kusan kashi 3 ba. Alminiyon sabon narki ya fi su muni, tan ɗaya ya haura tan 10.

Ki zauna da alƙalami. Mu ce rufin gida zai ci tan ɗaya na ƙarfe, ko tan biyu na busasshen katako. Ƙarfen kusan tan biyu na hayaƙi ne. Katakon, idan malainar shuka ce, 'yan ɗaruruwan kilo ne na yanka da dako, kuma ga kabon ɗaure a jikinsa. Idan kuwa daga kurmin da aka mayar gona yake, bisa lissafin da na yi wa Alhaji a sama, ya haura tan bakwai. Kin ga ƙarfe ya sha kaye a hannun na farko, ya kada na biyu warwas. Abokan aikina na dā ba sa son jin na faɗi haka, amma lissafi ba ya jin kunyar kowa.

Akwai kuma bambanci a cikin ƙarfen kansa. Rodin da ake yi a nan ƙasar, da yawansa daga tsohon ƙarfen da 'yan gwangwan ke tarawa ake narka shi, kuma wannan hayaƙinsa ya yi ƙasa ƙwarai da na sabon narki. Siraran ƙarafan rufi masu shafen tutiya kuwa yawanci daga naɗin da aka shigo da shi ake lanƙwasa su. Idan kin fara aiki, inda za ki fi rage hayaƙin gini ba a rufi ba ne ma. Ki dubi yawan simintin da ake zubawa a katanga da ginshiƙan ado waɗanda ba sa ɗauke da komai.

TAMBAYA: Malam, ni kafinta ne a Maraɗi. Katakon da muke aiki da shi ta Jibiya yake shigo mana, wani kuma daga Gana da Binin. To mu ke nan duk na waje muke amfani da shi? Kuma me ya sa ba za a koma azara ba kamar iyayenmu?
Kafinta, Maraɗi, Nijar

AMSA: Sannu da aiki, Maigida, ina gaida mutanen Katsinar Maraɗi. Tambayarka ta yi mini daɗi, domin ta nuna inda maganar "na gida" take yin rauni. Tubaifo ɗin da ya sauka a Katsina na gida ne, idan ya ƙara tafiyar da ba ta kai kilomita 100 ba ya iso wurinka ya zama na waje, alhali bishiya ɗaya ce, mota ɗaya. Iska ba ta san kan iyaka ba. Abin da ya shafe ka shi ne abin da ya shafi Alhajin Kano: daga shuka yake ko daga kurmi, kuma shekara nawa zai yi kafin a sake shi.

Maganar azara kuwa, ka sosa mini inda ke yi mini ƙaiƙayi. A duk abin da ake rufi da shi a ƙasar Hausa ban san wanda ya kai ta sauƙin hayaƙi ba. Gatari da ƙarfen tsaga ne aikinta, babu inji, babu gam, babu magani, kuma gara tana shakkarta, musamman ta namijin giginya da ya tsufa. Ita ce ƙashin bayan daurin gugar da ke cikin masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, cikin shekarun 1830, kuma har gobe masana gini na zuwa kallonsa. Rufin soro a kan azara yana riƙe sanyi, ɗaki ba ya neman na'urar sanyaya wuri da janaretanta, wannan ma ragi ne da ba a cika lissafawa ba.

Matsalarta biyu. Ta farko, azara ɗaya ba ta ƙetare fiye da kusan mita biyu ba tare da dabarar magina ba, kuma maginan da suka iya dabarar suna ƙarewa. Ta biyu ita ce babba: giginya tana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta isa tsaga, mu kuma muna cinye 'ya'yanta tun suna ƙasa. Duk murucin da ka saya a tasha, giginya ce da ba za ta tsaya ba. Idan yau kowa a Maraɗi da Kano ya ce azara zai yi rufi da ita, cikin ɗan lokaci kaɗan za a share ta daga doron ƙasa. Ku a Nijar kun fi mu abin nunawa a nan, domin dajin giginya na Dallol Mawuri wajen Gaya an daɗe da sa mutanen ƙauyuka cikin kula da shi da tsara yankansa. Inda ake yanka da ƙa'ida ana dasawa, ka saya hankali kwance. Tsohuwar azara daga gidan da aka rushe kuwa, idan ka samu kada ka bari ta wuce ka, ta fi sabuwa.

Tunda kafinta nake magana da shi, bari in ƙara da madobiya. Na san kuna son ta saboda jan launinta da ƙarfinta. Ita ce aka yi wa wawaso a Taraba da Kogi da wasu jihohi ana lodawa zuwa Sin, har taron yarjejeniyar CITES na 2016 ya sa ta cikin itatuwan da sai da izini ake cinikinsu tsakanin ƙasashe, a 2018 kuma aka dakatar da fitar da ita daga Najeriya. Wannan na gida ne tsantsa, kuma ba na ba kowa shawarar sa ta a aiki yanzu.

TAMBAYA: Baba, ina so a yi mini kabad na kicin. Wani ya ce MDF, wani ya ce katako. Ni ban da hayaƙin duniya ma, warin sabon MDF yana sa ni hawaye.
Uwargida, Tudun Wada, Kaduna

AMSA: Hajiya, hancinki bai yi ƙarya ba. Warin daga gam ɗin yake, sinadarin fomaldihaid ne ke fita a hankali, kuma ya fi tashi idan ɗaki ya yi zafi. Yana raguwa da lokaci. A buɗe tagogi, kuma kafinta ya rufe duk bakin da ya yanka da tef ɗinsa, kada ya bar shi tsirara.

Amma abokin gabar MDF a kicin ruwa ne. Famfo ya ɗiga a ƙarƙashin wurin wanke-wanke wata biyu, sai ki ga gindin kabad ya kumbura yana marmashewa, kuma ba ya gyaruwa, sai dai a cire a yar. Kayan da ya sha wutar masana'anta, ya ƙetare teku, ya hau tirela, sannan ya mutu cikin shekara biyar, an yi asarar hayaƙin da kuɗin gaba ɗaya. Ki sa a yi gangar jikin kabad ɗin ƙasa da busasshiyar malaina ko filaiwud mai jure ruwa, a ɗaga shi daga daɓe da 'yan ƙafafu. Na sama da murafe, inda ruwa ba ya kaiwa, MDF ya wadatar, kuma ya fi karɓar fenti.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni ɗan kwangila ne. Wajen zuba dakin, wato kankaren saman bene, falankin gida ya fi ko filaiwud mai jure ruwa na waje da ake kira marin bod? Sannan na ga wani tambari mai hoton bishiya da haruffan FSC a jikin wasu, mene ne shi?
Ɗan kwangila, Gwagwalada, Abuja

AMSA: Injiniya, a nan na kwantena zan zaɓa, da sharaɗi. Falankin da ake yin allon dakin da shi farin itace ne mai taushi na kurmi, a yi amfani da shi sau biyu ko uku ya tsage, ya ƙare a murhun mai abincin bakin aiki. Bishiyar da ta yi shekaru tana girma ta tashi a hayaƙi cikin wata shida. Marin bod mai kyau, idan ana shafa masa mai kafin zubi, ana cire shi da lallami, ana jingine shi a inuwa, zai yi zubi da yawa ƙwarai. Raba hayaƙinsa a kan yawan zubin, za ka ga ya sauko ƙasa da na falanki. Sharaɗin shi ne yaranka. Idan da guduma da ƙarfen ɓanɓara za su far masa ya mutu a zubi na uku, ka haɗa asara biyu. Akwai kuma na bogi mai baƙar fuska mai sheƙi da ɓarɓashi a ciki. Ka sa a yanka maka gefe ka ga jerin ferar, in akwai ramuka ka ajiye musu kayansu. Tokara kuma ka yi da gora ko sandunan turare, ko ka yi hayar na ƙarfe.

Ragowar katako da dusa, kada a tara su a rami mai ruwa. Itacen da ke ruɓewa inda iska ba ta shiga yana fitar da iskar metan, wadda ƙarfinta wajen riƙe zafi ya ninka na iskar kabon kusan sau 28 a lissafin shekara ɗari. Masu kiwon kaji suna neman dusar, har saye suke yi.

Tambarin da ka gani na wata ƙungiya ce ta duniya da aka kafa a 1993, mai ba da shaidar cewa itacen ya fito daga dajin da ake kula da shi, kuma an bi sawunsa daga daji zuwa masana'anta. Akwai takwararta, PEFC. Shaidar kula da daji ce, ba ta auna man jirgi ko kwal ɗin masana'anta. Kuma buga tambari a jikin kwali ba wuya gare shi ba. Na gaskiya yana zuwa da lambar lasisi a ƙasansa, wadda za ka iya shigarwa a shafinsu na intanet ka ga sunan kamfanin da irin kayan da aka ba shi izini a kai. Idan babu lamba, ko sunan da ya fito ba shi ne a jikin takardar kayan ba, kada ka ƙara ko sisi a kan farashi saboda shi.